Yadda za ka tsare wasannin da ka saya kafin kamfani ya janye su

A ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar (kwamfutar kamfani da wasa ke haɗuwa da ita ta intanet) The Crew, wasan tseren motocin da ya fito a 2014. Tun daga ranar wasan bai sake buɗewa ba, ko da kuwa kana da faifansa a hannu, ko ka zuba kuɗi a kan ƙarin motoci da sauran abubuwan da ake saukewa, wato DLC. Abin da ka biya a shagon intanet izinin amfani ne kawai, kayan aro kuma ba ya rufe katara. Amma akwai dabarun rage asara.

Mataki na 1: gane irin janyewar da za a yi

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin janyewa iri uku ce. Ta farko, a daina sayarwa kawai. Haka aka yi wa Forza Horizon 4: an cire DLC ɗinsa a Yunin 2024, an cire wasan kansa a ranar 15 ga Disamba, saboda yarjejeniyar lasisi ta ƙare. Wanda ya riga ya saya yana iya ci gaba da saukewa. Masu buga ƙwallo ma sun ga irinta a Satumban 2023, lokacin da EA ya kwashe tsofaffin FIFA daga shaguna.

Ta biyu ta fi zafi: a hana sake saukewa. Kamfanin Konami ya cire wasan P.T. daga shagon PlayStation a Afrilun 2015, wanda ya goge nasa kuma shi ke nan. Ta uku ita ce kashe sabar, irin ta The Crew, ko kwashe wani sashe daga cikin wasan da ke raye, kamar yadda Bungie ya cire labaran Curse of Osiris da Warmind daga Destiny 2 a Nuwamban 2020 alhali mutane sun biya kuɗinsu. Duk ajiyarka ba ta maganin ta ukun. Saboda haka idan sanarwa ta fito, karanta ta a shafin kamfanin da kansa, ka ga wacce ake nufi da kuma ranar ƙarshe.

Mataki na 2: sauke komai, ka buɗe shi

Shiga asusunka ka duba duk abin da ka taɓa saya, musamman DLC da ka manta da shi. Sauke shi, sannan ka buɗe wasan ka tabbatar ƙarin ya bayyana a ciki. Buɗewar tana da muhimmanci. A 2022, da Ubisoft ya rufe sabobin tsofaffin wasanni irin su Far Cry 3 da Assassin's Creed Brotherhood, masu kwamfuta sai da suka kunna DLC ɗinsu kafin 1 ga Oktoba sannan ya zauna musu. Idan tsadar data ce matsalarka, fara da tsofaffin wasanni da masu ɗauke da motocin gaske ko waƙoƙin mawaƙa, su ne lasisinsu ya fi saurin ƙarewa.

Mataki na 3: ajiye kwafi a faifan waje

A Steam, shagon wasannin kwamfuta, akwai hanyar ajiye kwafin wasa da mayar da shi. PS4 da Xbox suna karɓar faifan ajiya ta USB. A PS5 za ka iya adana wasannin PS5 a faifan, amma sai ka mayar da su cikin na'urar kafin ka buga.

Mataki na 4: gwada shi babu intanet

Kwafin da ba ya buɗewa ba shi da amfani. A PS5 kunna "Console Sharing and Offline Play", a PS4 ka mai da na'urar ta zama babbar na'urar asusunka, a Xbox ka zaɓi "My home Xbox", a Steam kuma ka koma yanayin rashin intanet. Sannan ka yanke haɗin, ka buɗe wasan. Idan ya ƙi, to ransa yana hannun sabar kamfanin, ka dakata da sayen ƙarin kaya a cikinsa.

Mataki na 5: canza yadda kake saye

A ganina wannan ya fi sauran tasiri. Kafin ka biya, duba ko an rubuta cewa wasan yana buƙatar intanet kullum. A kwamfuta, shagon GOG yana ba ka fayil ɗin girkawa da za ka ajiye, ba ya neman izinin kowace saba. Idan ka saya a Steam ka gano matsala, kana da kwana 14 ka nemi a mayar maka da kuɗinka, muddin ba ka buga fiye da awa 2 ba. Ajiye rasit ɗin da aka turo maka ta imel.

Mataki na 6: kada ka yi shiru

Koke yana aiki a wasu lokuta. A 2021 Sony ya sanar da rufe shagunan PS3 da Vita, 'yan wasa suka yi ca, ya fasa. Bayan The Crew, Ross Scott, mai yin bidiyo a YouTube, ya kafa gangamin Stop Killing Games, takardar kokensu ga Tarayyar Turai kuma ta wuce sa hannu miliyan 1 a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shaguna su bayyana cewa lasisi suke sayarwa. Rubuta wa sashen taimakon kamfanin da ladabi, ka haɗa lambar rasit da sunan abin da aka janye, ka faɗi abin da kake so a fili: a dawo da shi, ko a mayar maka da kuɗinka.