Girkin mako a Abuja: kurakuran da ke tsakanin tukunya da firiza

Duk matar da ke zaune a Mararaba ko Nyanya tana aiki a cikin gari ta san yadda ake tashi daga ofis ƙarfe biyar, a shiga gida ana kiran isha'i. Cunkoson da ke farawa daga AYA kaɗai ya isa ya cinye lokacin ɗora sanwa. Mutanen Kubwa da Lugbe ma ba su tsira ba. Shi ya sa da yawanmu muka koma yin girkin mako ranar Asabar ko Lahadi. Dabara ce mai kyau, amma sai da na zubar da miya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne kwaikwayon abin da muke gani a Instagram da TikTok. Baturiya a Amurka ta jera robobi goma sha huɗu, kowace da shinkafarta da kazarta, ta tura cikin firji. Ita ba a ɗauke mata wuta, kuma babu maigidan da zai buɗe kwano ranar Alhamis ya ce, "Wannan ba miyar ranar Lahadi ba ce?" Ko da wuta tsayayyiya ma, dafaffen abinci ba ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firji cikin aminci. Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki dafa abincin mako. Ki gama wahalar girkin kawai: markaɗe, tafashen nama, gyaran wake, dakan yaji, tankaɗen gari. Waɗannan su ne ke cin lokaci. Shinkafa ko taliya ko tuwon semo, minti talatin sun ishe su idan miya na hannu.

Mu fara da markaɗe, don a nan aka fi asara. Za ki je kasuwar Orange a Mararaba ko Dei-Dei, ki ga tumatir ya yi araha kamar yadda yake yi da rani, ki sayi kwando. A kai inji a markaɗo da tattasai da attaruhu da albasa, a juye a bokiti ɗanye, a tura firji. Kwana biyu ya fara kumfa, ya yi tsami, sai ki ji ana cewa a zuba kanwa. Kanwa na kashe tsami a baki, amma ba ta mayar da abin da ya lalace mai kyau, ga shi tana dusashe jan miyar. Ranar da aka markaɗo, ranar za a dafa. Ki zuba a tukunya mai faɗi, ki bar ta a buɗe, ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone, ya yi kauri yana barin jikin tukunya idan kin ja ludayi. Bokiti guda zai dawo ɗan kaɗan, kada ki tsorata, ruwa ne ya tafi. Daga nan ki soya rabi da mai da albasa, ba tare da nama ko kayan ƙamshi masu yawa ba. Wannan soyayyen shi zai zama miyar dage-dage ranar Litinin, dafa-duka ranar Talata, faten doya ko na wake ranar Laraba. Idan kin cika shi da kori da tafarnuwa tun farko, duk abincin makon ɗanɗano ɗaya zai yi, yara su fara tura baki.

Sai kuma zuba komai a ƙatuwar roba ɗaya. Wannan na yi shi shekara da shekaru. Miya ta daskare ta zama dutse, kullum da yamma a fito da ita a ajiye a kan kanta ta saki, a ɗebi ludayi biyu, a mayar. Kowace fitowa ƙwayoyin cuta na samun damar hayayyafa, domin sanyi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi. Ki raba ta daidai cin gidanki na sau ɗaya, a ƙananan robobi masu murfi. Wadda za a ci gobe ki sauko da ita daga firiza zuwa firji tun da dare. Abin da ya narke aka ɗumama, ya ƙare a ranar. Kuma ki rubuta kwanan wata a jiki, domin bayan mako uku miyar agushi da ta gyaɗa kamarsu ɗaya a cikin ƙanƙara.

Akwai wata al'ada da muka taso da ita: a tafasa miya da dare, a rufe, a ce kada kowa ya sa mata ludayi har safe. Inna ta yi haka shekaru a gida, kuma ba zan ce mata ba ta iya ba. Amma ita miyar kwana ɗaya take kwanarwa, da asuba ta sake tafasa ta sosai don ɗumame, ba miyar kwana biyar mai kaza da kifi ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. A zafin Abuja na Maris da Afrilu, lokacin da ko fanka iska mai zafi take busowa, awa ɗaya ma ta isa. Masu cewa sai abinci ya huce sarai kafin ya shiga firji su ne ke barin tukunya tun la'asar har sha ɗayan dare. Ki juye a kwanuka masu faɗi marasa zurfi, ko ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwan sanyi kina juyawa. Da tururi ya daina tashi, ta shiga.

Shinkafa ta fi kowa yaudara. Akwai ƙwayar cutar da ke zuwa tun a ɗanyar shinkafa, wadda tafasa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar ta daɗe a waje da ɗumi-ɗuminta, ƙwayar sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma gubar ba ta jin wuta. Kina iya turara shinkafar har ta yi tiriri, babu wari babu yauƙi, amma bayan 'yan awoyi yara su kama amai. To ita ba a yi mata gwajin hanci. Ragowar shinkafa ta shiga firji da wuri, a ci washegari, a ɗumama sau ɗaya tak. Taliya ma haka.

Batun wuta kuwa, kowa da unguwarsa. Firjin da aka rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, muddin ba a buɗe ba. To mu kuma da an ɗauke wuta sai kowa ya tuna yana jin ƙishin ruwan sanyi. Ki ware wa yara ruwansu a kula, ki hana buɗe firiza. Gurbin da babu kaya ki cike shi da gorunan ruwa ko ledojin fiya wata, su daskare su zama ƙanƙarar ajiya. Idan kuma za ki yi tafiya, ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora kwandala a sama. To ina kwandala a yanzu? Ƙaramar tsakuwa wankakkiya ma ta yi. Kin dawo kin same ta a ƙasan kofin, kin san komai ya narke ya sake daskarewa a bayanki, naman nan ba abin amincewa ba ne.

Ɗanyen nama da kaza su zauna a can ƙasan firji cikin mazubi mai murfi, kada jininsu ya ɗiga a kan dafaffen abinci. Wuƙa da katakon da aka yanka kaza, a wanke da sabulu kafin su taɓa kabeji.

Ba komai ne ke son a gyara shi tun da wuri ba. Dankalin Turawa da ake kawo mana daga Filato, idan aka fere aka bari sai ya yi baƙi, in kuma aka daskarar da shi ɗanye ya saki ruwa ya yi laɓo-laɓo. Ki bar shi da ɓawonsa a wuri mai duhu da iska, nesa da albasa, don suna ruɓar da juna. Wanda ya yi kore ko ya tsiro, a yanke wurin sosai, in koren ya yi yawa a zubar. Latas da kokwamba ba sa jure jira, kuma salak ɗin da aka kwaɓa da bama na cin take ne. Alayyahu da ugu, idan kin wanke kin ƙulle a leda da danshinsu, kwana biyu sun narke. Ki yanka, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, ki tsame zuwa ruwan sanyi, ki matse, ki dunƙula kamar curin fura, ki daskarar. Wake kuwa yana son wannan tsarin. Ki surfa mudu guda, ki wanke, ki tsane, ki ƙulla kashi-kashi. Ranar ƙosai ko alala sai jiƙawa da niƙa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka manta cewa kakanninmu sun riga mu shirya abinci tun kafin a san firji. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, kauɗar tumatir, zogalen da aka shanya a inuwa, garin ɗanwake, yajin ƙuli, dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau: babu wanda ke jiran a kawo wuta a cikinsu. Idan akwai romon nama a ƙaramar roba da daddawa dakakkiya, kaɗa miyar kuka ba ya kai minti goma sha biyar. Ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai ya fi indomi riƙe ciki, kuma bai fi ta ɗaukar lokaci da yawa ba. Kuskuren da ake yi da su ɗaya ne, wato danshi. Damina a Abuja doguwa ce, tun Afrilu har Oktoba, ba kamar Kano ba. Garin da ya zauna lafiya a leda a Kano, a nan Abuja sai ya dunƙule ya yi fumfuna. Ki zuba a kwalba ko roba mai murfi mai kamawa, kada ki sa jiƙaƙƙen cokali. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a zubar, domin gubarsu na taɓa hanta, kuma suya ba ta cire ta.

Sai abincin tafiya ofis da makaranta. Da yawa mukan ɗan ɗumama shi sama-sama ƙarfe shida na safe saboda sauri, mu juye a kula mai sanyi, a ci ƙarfe biyu na rana. Awa takwas ke nan yana zaune da ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Ki fara zuba tafasasshen ruwa a kular, ki rufe minti biyar yayin da abincin ke kan wuta. Ya yi zafi har tsakiya, yana tiriri idan kin juya, sannan ki zubar da ruwan ki juye shi, ki cika ta har baki don rabin kula ya fi saurin hucewa. Yankakken tumatir da kabeji su tafi a nasu mazubin daban, a haɗa lokacin ci.