Kafin ku ɗora tsohon faifan garmaho

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya gaji faya-fayan garmaho daga iyaye ko kakanni, don Allah ya fara duba irin faifan da ke hannunsa.

Mai nauyin nan, mai saurin fashewa, wanda ke juyawa sau 78 a minti, da wani irin ƙaro ake yinsa. Kada ku kuskura ku goge shi da sifirit, narkar da fuskarsa yake yi. Allurar ƙarfen garmahon da ake wanawa da hannu kuwa, sauya ta ake yi bayan kowane gefe, in ba haka ba ta cinye layukan.

Na roba, masu juyin 33 da 45, ba a ɗora musu wannan allurar ko sau ɗaya. Na taɓa yi da wani faifan mahaifina, har yau abin yana yi mini ciwo, don muryar ta dushe ba gyara.

Wajen wanki, ku sami tataccen ruwa, ku ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ku shafa da tsumma mai laushi kuna bin zagayen layukan. Kada takardar tsakiya ta jiƙe. Ya bushe a inuwa.

Ajiya kuma a tsaye, cikin kwalinsa, saboda ƙurar hunturu. Kada a jibga su a kwance, kuma a nisanta su da ɗakin kwano, zafin bazara lanƙwasa na roba yake yi.