Yadda na shawo kan jinkirin cin abincin ɗiyata

Ɗiyata mai shekara 5 takan zauna gaban tuwon gero har ya huce ya yi tauri, loma guda a kunci tana ta juyawa. Kakarta ta ce ƙiwuya ce kawai, amma na lura da ɓangare ɗaya take tauna, kuma tana ture nama gefe ta riƙa lasar miya.

Da muka kai ta wani asibiti a nan Maradi, likita ya tarar haƙorin taunarta ɗaya ya ruɓe. Ya kuma duba cikin fatar idonta, domin ƙarancin jini da tsutsar ciki suna kashe wa yaro sha'awar abinci. Bayan an gyara haƙorin nawar ta ragu, sai dai sabon da ta yi bai tafi nan take ba.

Sauran aikin a gida na yi shi. Na hana biskit, alewa da zobo bayan la'asar, saboda cikin yaro ƙarami ne, ɗan abu kaɗan ke toshe shi kafin magariba. Na koma zuba mata kaɗan a kwanonta, in ta cinye in ƙara, muna zaune tare an kashe talabijin. Idan minti 30 suka cika, sai in ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba. Ɗure kuwa na ƙi shi sam, don yana iya sa yaro ya shaƙe, kuma yana sa shi tsoron abinci.

Yaron da yake ramewa, ko yake tari duk lokacin haɗiya, shi a kai shi asibiti ba tare da jira ba.