Babi na 6: Daidaita sirdin keke

Darasi na 1: Tsayin sirdi

Mai fita daga Damagaram zuwa Miriya ko ƙauyukan kewaye, hanya iri uku yake takawa: kwalta, burji mai gargada, da rairayi. In sirdi bai zauna daidai ba, tun kafin a isa gwiwa ta yi tsami, mazaunai sun ɗau zafi.

Sirdi shi ne wurin zama. Ƙarfen da ke ɗauke da shi, sandar sirdi ke nan. Inda sandar ta shiga jikin keke akwai noti, kuma galibi kile mai lamba 13 ke kwance shi. Duba jikin kilen, za ka ga ɗaya, sannan uku.

Tsaya kusa da bango ka dafa shi, ka hau ka zauna. Juya feda guda har ta sauka can ƙasa. Yanzu ɗora diddige a kanta. Diddige, wato dunduniya, bayan ƙafa. In ƙafar ta miƙe sak, tsayin ya yi. In gwiwa na lanƙwashe, sirdi ya yi ƙasa, a ɗaga shi. In sai ka karkata ƙugu kafin diddige ya kai, ya yi sama, a sauke shi. Rabin santimita ake matsawa kowane karo, a ɗaure noti, a sake gwadawa.

Kada ka damu in ba ka samu a karon farko ba, kowa da haka ya fara. Sake: feda a ƙasa, diddige a kan feda, ƙafa a miƙe.

Dalilin auna da diddige shi ne, a tafiya da gindin yatsu ake taka feda, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da ake so ke nan. Wanda ya auna da yatsu, sirdinsa zai wuce sama, ƙugu ya riƙa rawa, cinya ta saɓule.

Nan ne ɗalibai ke ta tuntuɓe. An ce diddige a kan feda, sai mutum ya dire ƙafa a ƙasa ya ce ya auna. Haba malam! Wa ya ce da ƙasa ake awo? In kana zaune tafin ƙafa biyu suka shimfiɗe a ƙasa, sirdinka ya yi ƙasa ƙwarai, gwiwa ce za ta biya. Feda a ƙasa. Diddige a kan feda. Ƙafa a miƙe. A maimaita sau uku kafin a juya shafi.

Jikin sandar akwai layi da aka zana. Kada layin ya fito waje, don gargada na iya karya sandar ko ta tsaga bakin bututun da sandar ta shiga. In tsatsa ta cinye layin, bar faɗin tafin hannu a ciki, kamar santimita 10.

Darasi na 2: Kwanciyar sirdi

Ɗora katako a kan sirdi, keke na tsaye a wuri mai lebur. Katakon ya kwanta daidai. In hancin sirdi ya duƙa, za ka riƙa zamewa gaba, hannuwa su gaji. In ya ɗaga, tsakanin cinyoyi zai yi sanyi kamar ba jini. Notin da ke ƙarƙashin sirdi ke gyara wannan. In ka gama, sake awon diddige.

Darasi na 3: Faɗi

Zauna kan kwali mai kauri, za ka ga rami biyu na ƙashin mazaunai. Faɗin sirdi ya wuce tazararsu da kamar santimita 2. Soso mai laushi da yawa lotsawa yake a tafiya mai nisa.

Darasi na 4: A kan hanya

A gargada, ɗan ɗaga jiki daga sirdi. A rairayi, matsa baya. Duba noti duk mako.