Kafin ku yanka katakon murfin wurin wanke-wanke

'Yan uwa, masu shirin haɗa murfin katako a kan wurin wanke-wanke don samun ƙarin fili a kicin, ku fara da zaɓen katakon. Ku nemi mai tauri, mai matsattsen jiki, kamar tik ko mapul. Tik na fi so, domin yana da maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Allon MDF kuwa, wanda aka matse daga garin katako, ku bar shi: da ya sha danshi sai bakinsa ya kumbura ya fara marmashewa. Kauri ya kai santimita 2, kada ya lotsa a tsakiya.

Wurin shafi ne aka fi yin kuskure. In za a riƙa yanka a kai, a goge da samfefa, a shafa man ma'adinai (mineral oil) irin wanda ba ya cutarwa in ya taɓa abinci, a bar shi ya kwana, sannan a bi da kakin zuma. Ban da man girki, yana lalacewa ya yi wari. In ajiye kaya kawai za a yi, banish, wato man da ke sa katako ƙyalli, ya isa.

Don Allah ku shafe ko'ina, har ƙasansa da gefuna. Ƙasan ne ke shan tururi. In aka bar shi tsirara, katakon zai karkace. Ku maƙala masa ƙafafun roba don iska ta shiga, in ya jiƙe kuma a jingine shi tsaye ya bushe.