Sabon zuwa Koriya: kafin ka miƙa wa mai gida damin won

Takardun kuɗin Koriya ta Kudu huɗu ne kacal: won 1,000 shuɗiya, 5,000 ruwan goro, 10,000 tsanwa mai hoton Sarki Sejong, sai 50,000 ruwan ɗorawa. Da daddare a cikin tasi, 5,000 da 50,000 kusan launi ɗaya suke, kuma sababbi da yawa sun yi kyautar da ba su yi niyya ba. Dubi fuska. Mai 50,000 mace ce, Shin Saimdang, mahaifiyar malamin da ke kan 5,000. Takardar ta fito a 2009, ta kuma fi sauran tsawo.

Tantance ta ba wuya. Ɗaga ta a haske, fuskar matar za ta bayyana a farin gefen. Karkata ta sama da ƙasa, alamar tutar ƙasar da ke cikin zaren tsakiya za ta gusa hagu da dama. Shafa hoton, za ka ji kaushi. Jabu dai ba ta cika yawo a nan ba.

Wajen haya ne ake kuka. Mai gida zai nemi bojeunggeum, kuɗin ajiya da ake mayar maka ranar tashi, kuma ko ɗaki ɗaya a Seoul sai ya ci miliyoyi. Sai ka ga yaro ya sauka filin jirgin saman Incheon, ya canza dalolinsa, ya ƙirga damin 50,000 ya damƙa wa wani dattijo hannu da hannu, wai ai fuskarsa ta mutunci ce. Na raka wani ƙaninmu neman haƙƙinsa, ashe wanda ya karɓi kuɗin ba shi ne mai gidan ba, shi ma ɗan haya ne. Haba malam!

Ka sa dillali ya ciro maka takardar rajistar gidan, ka ga sunan mai shi da bashin banki da ke kansa. Kuɗi ta banki za su bi, zuwa asusu mai wannan sunan. Daga nan ka yi rajistar sabon adireshinka, a buga maka hatimin kwanan wata a kan yarjejeniyar, shi zai kare ajiyarka in gidan ya shiga gwanjo. Idan katin zamanka bai fito ba balle asusu, zo masallacin unguwar Itaewon da ke Seoul ranar Juma'a. 'Yan uwanmu da suka daɗe ba sa ƙyashin raka baƙo.