Kurakuran da masu karɓar baƙuncin tsohon jirgin sama suka fi yi

A ƙananan garuruwan Amurka akwai wata al'ada mai daɗin gani. Ƙungiyar masu sha'awar jirage takan gayyato tsohon jirgi zuwa ƙaramin filin jirgin garinsu, ya kwana biyu ko uku yana ɗaukar mutane yawo a sama. Wanda ya fi suna a wannan harka shi ne Ford Tri-Motor, mai injin uku da jiki mai gurbi-gurbi irin na kwanon rufi. Ya fara tashi a 1926, shekara ɗaya bayan saukar jiragen farko a Kano, kuma guda 199 kacal aka ƙera kafin a daina a 1933. Ƙungiyar masu sha'awar jirage ta EAA da ke Oshkosh a jihar Wisconsin tana da ɗaya ƙirar 1929, wanda ta daɗe tana zagayawa da shi gari-gari. Masu jirgi su ke zuwa da matuƙa da makanikai. Sauran aikin kuwa, na ƙasa, yana wuyan masu masauki, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne a tsara wa jirgin lokaci kamar na haya. Sai ka ga an sayar da tikiti tun daga ƙarfe tara na safe har faɗuwar rana, babu tazara, babu ranar ko-ta-kwana. To jirgi mai shekara kusan ɗari ba ya bin agogon kowa. Tayarsa ta uku a wutsiya take, don haka iskar da ke bugowa daga gefe na iya juya shi a kan titin sauka, ko da jiragen zamani suna ta tashi lafiya a filin. Zafin rana ma yana rage wa iska kauri, inji ya rasa ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Idan mutum sittin suna tsaye da tikiti a hannu, shugaban taro yana leƙo matuƙi yana cewa "ko sau ɗaya ne a daure," an ɗora masa nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. Maganinsa tun kafin a sayar da tikitin farko ne. A cika sawun safe da na yamma, a sassauta na tsakar rana, a ware rana guda ta cike gurbi, a kuma rubuta ƙarara cewa idan yanayi ko inji ya hana tashi za a mayar da kuɗi. Sannan a naɗa mutum ɗaya mai haƙuri da iya magana wanda zai fuskanci jama'a idan an soke tashi. Ba aikin matuƙi ba ne ya tsaya yana ba fasinjoji haƙuri.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan ba ƙarami ba ne. Ranar 4 ga Agusta 2018 wani tsohon jirgi ƙirar Junkers Ju 52, shi ma mai injin uku, ya faɗi a tsaunukan Suwizalan, mutum 20 da ke ciki duk suka rasu, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan tuƙi na kasada a cikin kwari mai ƙunci. Ranar 2 ga Oktoba 2019 wani jirgin soja ƙirar B-17 na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya faɗi a filin jirgin Bradley da ke Connecticut, mutum 7 cikin 13 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano kuskuren matuƙi bayan ya kashe inji ɗaya, ta kuma gano sakaci wajen kula da injuna da raunin tsarin sa ido. A watan Maris 2020 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta janye izinin ɗaukar fasinja daga masu jirgin.

Daga nan kuskure na biyu ya fito, wato jin nauyin tambaya. Masu masauki sukan ga sunan ƙungiya ya yi girma, su ji kunyar neman takardu. A nema. Tsofaffin jiragen soja a Amurka ba sa ɗaukar fasinja don kuɗi sai da izini na musamman daga FAA, kuma yawon buɗe ido na yau da kullum an taƙaita shi ga mil 25 daga filin, a tashi a dawo inda aka tashi. A ga takardar izinin da ido, a ga ta inshora, a tabbatar sunan filin da na ƙungiyar masu masauki sun shiga ciki. Mai jirgi na gaskiya zai miƙo su ba tare da ɓata rai ba.

Mai ma yakan ba da kunya. Waɗannan injuna fetur na jirgi suke sha, wanda ake kira 100LL, mai launin shuɗi. Kananzir ɗin jiragen zamani guba ne a gare su, don jirgi na iya tashi da shi sannan injin ya mutu a sama. A tabbatar filin yana da isasshen 100LL na duk kwanakin, kuma makanikin jirgin ne zai tsaya a kan kowane zubi. Haka wurin kwana: fiffiken Tri-Motor daga baki zuwa baki ya haura mita 22, saboda haka a ɗauki tef a auna ƙofar rumfar ajiya, kada a dogara da "ai za ta isa."

Sai maganar farfela, wadda na fi jin tsoro. Da safe za ka ga makaniki ya kama farfela yana juya ta da hannu a hankali. Baƙin mai ne yake tsiyaya cikin silindojin ƙasa idan jirgi ya kwana, shi ya sa ake juyawa a tabbatar bai taru ba kafin a tayar. Yaro ko babba da ya ga haka sai ya ɗauka shi ma zai iya taɓawa ya ɗauki hoto. Alhali wutar waɗannan injuna ba ta dogara da batir ba, idan waya ɗaya ta tsinke a ciki, inji na iya kamawa da ɗan motsi kaɗan. Igiya ɗaya da aka ɗaura a kan kujeru ba shinge ba ce. Ana buƙatar shinge na gaske, ƙofa ɗaya ta shiga, da 'yan sa kai sanye da riga mai ƙyalli, ɗaya a gaban layin fasinjoji ɗaya a baya. Ba a ɗauko sabon rukuni sai farfela ta tsaya cik kuma matuƙi ya ba da alama. A kuma lura da inda wutsiya ta fuskanta, domin iskar injin uku tana iya kifar da rumfa da teburin tikiti, ta watsa wa mutane tsakuwa. Kowace safiya a jera a taka filin a tsince duwatsu da leda.

'Yan sa kai kansu sukan zama matsala idan an tara su ba a raba musu aiki ba. Kowa yana son tsayawa kusa da jirgi, babu mai son wurin ajiye motoci. A rubuta sunan kowa da wurinsa, a yi musu bayani kafin a buɗe ƙofa, a riƙa canza su saboda rana da ƙara.

Bayanin da ake yi wa fasinja kuma kada a bari sai an shiga ciki, don da zarar injuna sun tashi ba a jin magana. A zaunar da su a inuwa, a kawo bel irin na jirgin kowa ya ɗaura ya kwance da hannunsa, musamman idan tsohon bel ne na soja wanda maɗaurinsa ya bambanta da na mota. A nuna musu ƙofar fita, a raba abin toshe kunne. Da yawa daga masu zuwa dattawa ne, kuma jirgi mai taya a wutsiya gaba yake ɗagawa idan yana tsaye, mutum ya shiga ta baya ya hau tudu zuwa kujerarsa. A tanadi matakala mai ƙarfi da matasa biyu a bakin ƙofa.

Maƙwabta da 'yan kwana-kwana su ne aka fi mantawa. A sanar da mutanen unguwa kwanakin da za su ji ƙara, a gayyato masu kashe gobara tun ranar da jirgin ya sauka su zagaya shi tare da makaniki, su ga inda tankunan mai suke da yadda ake buɗe ƙofa daga waje.